Bututun da Yaya Ya Rataye a Zaure

Wanda ya ba mu Yaya ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, ana ruwa a Fagge kamar da bakin ƙwarya. Daga gare Shi muka fito, wurinsa kuma za mu je mu tarar da Yaya. Ni ce ƙanwarsa, ciki ɗaya. Tun da mai gidana ya rasu nake zaune a gidansa, ɗakina kuwa bango ɗaya ya raba shi da zaure, saboda haka duk abin da aka faɗa a zauren nan, ko tari ne, sai ya biyo ta kunnena kafin ya fita titi. Ɗan bokon da na tsinta a ajin manya bai taka kara ya karya ba, a yi haƙuri da rubutun. Maganar ce ba ta da gyara.

Kafin a dawo daga maƙabarta tsakar gida ta cika da mata, kowacce da jiƙaƙƙen mayafi. Wannan ta ce, "Allah sarki, bawan Allah mai haƙuri." Waccan ta ce, "Ai shi ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba." Wata ta ɗora, "Ba ya riƙo, wallahi ba ya riƙo." Ina ta cewa amin, amin, ina kallonsu. A gidan makoki ƙarya araha gare ta. Haƙuri kam Yaya yana da shi, amma duk wanda ya ce ba ya riƙo bai zauna da shi ba. Riƙon Yaya irin na dalmarsa ne, in ya liƙe wuri sai dai garwar ta tsage ta wani gefen.

Wata maƙwabciyarmu har bakinta ya suɓuce. Ta ce, "Allah ya jiƙan Makashin..." sai ta haɗiye sauran, ta kama tari. Ban miƙa mata ruwa ba. Makashin Mota, sunan da Fagge ta laƙaba masa ke nan. Da shi aka yi ta kiransa shekara da shekaru, da shi kuma aka ɗauke shi zuwa kabari. Sunan ƙarya ne, saboda shi na ɗauki alƙalami.

Ana cikin haka sai muka ji kururuwa tun daga bakin titi: "Ina bawana? Wa ya ba shi izinin tafiya bai sallame ni ba?" Matan suka tsuke baki, wai ba a yi wa mamaci ihu. Ni kuwa na miƙe na rungume ta. Bazazzagiya ce, Kirista, mai sayar da tuwo a tashar mota ta Sabon Gari, wasan Kanawa da Zagezagi ne tsakaninta da Yaya tun muna da sauran ƙuruciya. Duk cikin taron nan kukanta ne kaɗai na tabbata ba na aro ba ne.

Ta bangon ɗakina na ji muryar Alhaji mai mota, wanda kakanninsa suka zo daga Barno, yana cewa, "Allah ya gafarta masa, duk da abin da ya faru." Duk da! Sai kuma na ji ana yabon suruki, mijin 'yar farin Yaya, direban Alhajin, wai tun daga ƙofar gida har bakin kabari bai yarda an karɓe shi a ɗaukar makara ba. Aka ce ɗan halak, aka ce irinsa sai an tona. Ni na san abin da ya danne masa kafaɗa, ba makara ba ce.

Yaya maƙerin fari ne. Garwar kananzir da kowa ya yar, ita ce gonarsa. Ya yanke ta da almakashi, ya lanƙwasa, ya liƙe da dalma, sai ka ga aci-balbal, ka ga mazurari, ka ga ludayin mai ƙosai. Yakan ce, "Garwa ba ta mutuwa, sana'a take sakewa." Ba ya miƙa wa mutum fitila sai ya toshe bakinta da yatsa ya busa, kumatunsa su kumbura kamar na mai algaita, yana sauraro ko iska za ta sami hanya. In ta samu, ko mai ita yana tsaye yana rantsuwa sauri yake yi, sai an sake. Ba ya son a yi masa magana yana dalma, ba ya cin tuwon da ya kwana, kuma bai taɓa kiran sunan 'yar farinsa ba har ya koma ga Allah. "Yarinyar nan" yake cewa, ko da ta tara 'ya'ya.

Shekarar da gobara ta cinye rumfar Bazazzagiya, ta zo zaure ta zauna ba ta ko iya tsokana. Yaya bai ce mata sannu ba. Ya ajiye aikin mutane ya haɗa mata fitilu da ludaya da garwar ruwa, har da murfin tukunya. Ta kwance bakin zane za ta sallame shi, ya ce, "Mayar. Ubangida ba ya karɓar lada a hannun baiwarsa."

Ta share hawaye ta ce, "Ji Bakano! Ko kyauta zai yi sai ya ci riba. Wace ce baiwar taka?"

"Wadda ta zo ƙofata ba takalmi."

"Wuta ce ta cinye, ɗan baƙin ciki."

Haka suke, in ba su zagi juna ba to ɗayansu ba lafiya.

To, maganar mota. Alhaji ya sayi akori-kura ta hannu, lafiyayyiya, sai dai kaskon da take shaƙar iska ta cikinsa tsatsa ta cinye shi. Kwara, wato Balaraben da ke sayar da kayan mota, ya ce sabo sai jirgin ruwa ya kawo, watakila bayan kaka. Ga damina ta kawo kai, ga kaya jibge. Sai Alhaji ya sa suruki ya tuƙo ta har ƙofar gidanmu, ya ce, "Malam, ko za ka duba mana? Ai gwangwani ne."

Yaya bai taɓa taɓa mota ba, ko shiga ba ya so. Ya ce a buɗe, a tayar. Ya ɗora tafin hannunsa a bakin kafireta, wato maƙogwaron injin, ta zuƙe masa hannu, ta yi tari, ta mutu. Sai ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce, "Alhaji, ashe jaki ka saya. Toshe hanci, ya faɗi." Ya tambaya wace hanya take bi, aka ce gabas, akwai kogin da ba gada, ta mashigi ake ratsawa. Ya ce, "To, jaki in zai ƙetare kogi me yake ɗagawa? Kasko ba shi ne maganinku ba. Hanci za a yi mata, dogo."

Ina zaune a bakin ƙofar cikin gida ina tsince wake na ga yadda aka yi shi. Ya fasa garewani, ya buge su suka miƙe, ya naɗa su a jikin taɓaryata suka zama bututu, ya bi gaɓa-gaɓa da dalma. Ya yi masa gwiwa ta fito ta gefen murfin injin, ya miƙar da shi sama ta jikin ƙofar direba har ya wuce rufi. A can ƙoli ya ɗora masa 'yar malafa ta kwano don kada ruwan sama ya shiga. Inda ya haɗu da injin ya yanka tsohon tif na taya, ya naɗe tam kamar ana ɗaurin karaya. Sai ya leƙo ya ce, "Ke, kawo soso."

Na ce, "Wane soso?"

"Duk wanda kike da shi."

"Har na wankana?"

"Har shi. Ke kin yi shekaru kina wanka ba abin da ya sake, bari mota ta gwada."

Ya kwashe min soso kaf, wanda na shanya a dangar bayan gida, ya tsoma a baƙin mai, ya matse, ya cusa a ƙarƙashin malafar, wai yashin hanya ya maƙale a nan kada ya kai ciki. Ya toshe gindin bututun ya busa har idanunsa suka yi ja. Aka ɗaura, aka tayar. Ko ni da ban san komai a mota ba na ji numfashinta ya daidaita. Alhaji ya yi ta zagaya ta yana cewa, "Garwa da soso! Garwa da soso!" Kafin mako ya zagayo wasu masu motoci sun aiko a yi musu irinsa.

Amma suruki ɗan ƙwalisa ne. Dogo, hula a karkace, madubi a aljihu. Direbobin Sabon Gari kuwa bakinsu ya fi birkinsu kaifi. Da ya shigo tasha sai a ɗauka: "Ga mai lofe nan! Malam direba, a cusa mata taba ko ta sha ta ƙoshi?" Har 'yan tallan goro suka koya. Lokacin kogi bai cika ba, ba wanda ya ga amfanin abin tukuna, sai muninsa. Ran nan da safe an loda masa gishiri da sukari, ya zagaya da motar bayan rumfunan abinci, ya zaro wuƙa ya yanke robar, ya fizge bututun ya cilla bayan itacen Bazazzagiya, ya ɗaure bakin injin da tsumma, ya fita tasha yana busa ƙaho.

Ya tarar kogi ya kawo. Ya shiga. A tsakiyar mashigi injin ya sha ruwa ya buga. Rai dai bai salwanta ba, amma kafin a tara mutanen ƙauye su jawo ta, gishiri da sukari sun bi ruwa, buhuna kawai aka tsamo.

Da ya dawo sai ya ce wa Alhaji, gwangwanin Baba ne. Wai zafin injin ya narkar da dalma, soso ya faɗa ciki ya shaƙe ta, bututun kuma ruwa ya tafi da shi. Alhaji ya zo ƙofar gidanmu da mutane a bayansa. Bai yi zagi ba, da ma zagin ya yi. Ya tsaya daga waje ya ce, "Malam, ka tsaya a fitila." Ya juya. Kafin la'asar sunan ya fito.

Abin da ba zan manta ba, Yaya ya yarda. Bai taɓa kawowa a ransa mijin 'yarsa zai yi masa ƙarya ba, sai ya tuhumi hannunsa. Ya daina cin abinci. Ya zauna yana liƙa gwangwani yana ɗorawa a wuta, yana jira ya ga ta inda dalma za ta saki. Yana duban yatsunsa yana cewa, "Tsufa ne ko? Ke gaya min gaskiya, hannuna rawa yake?" Mutumin da ya rayu da hannunsa, aka sa shi jin tsoronsa. Wannan ita ce ɓarnar, ba gishirin Alhaji ba.

Bazazzagiya ta tafi garinsu noma a ranar da abin ya faru, sai da ta dawo ta ji labari. Da ma ta ga lokacin da suruki ya yanke, ta ɗauka sa shi aka yi. Ta ɗaga itacenta, ga bututu kwance. Ta naɗe shi a zane ta ɗoro a ka, tun daga Sabon Gari har zaurenmu, ta dire a gaban Yaya ta ce, "Bawana, ga abin da kogi ya tafi da shi. A bayan murhuna kogin yake."

Yaya ya bi shi da yatsa gaɓa-gaɓa. Dalma ba inda ta motsa. Soso na nan a inda ya cusa shi. Roba kuwa yankan wuƙa ne, sumul. Ya toshe gindin ya busa, ya kasa kunne, ya sake busawa. Rannan na ga hawayen Yaya, wanda ban gani ba ko ranar da muka rasa Innarmu. Sai ya ce min, "Akwai sauran tuwo?"

Bazazzagiya ta ce, "Wane tuwo? Tashi mu je gidan Alhaji yanzu. Ni zan faɗa da bakina."

Ya ce, "Ba inda za mu. Yarinyar nan cikinta ya tsufa. Alhaji alƙali zai kai shi. Ni da ko sunansa ba na kamawa, ni zan tsaya gaban alƙali ina nuna shi da yatsa? Gobe a ce tsoho ya ɗaure mijin 'yarsa a kan gwangwani." Ya sa ta yi masa alkawarin ba za ta furta ba sai da izininsa. Ta yi, tana zaginsa. Ni ma ya sa ni, na yi, ina kuka.

Na ɗauka ya bar wa Allah ke nan. Ashe ban gama sanin yayana ba.

Kowace Juma'a in an sauko masallaci suruki yakan zo gaisuwa, kamar yadda aka saba: ya tuɓe takalmi a waje, ya shigo ya durƙusa, kai a ƙasa. Ranar Alhamis Yaya ya nemi toka da lemon tsami ya goge bututun nan har sai da yake ɗaukar ido. Ya ɗaura masa igiya ya rataye a azarar zaure, daidai ƙofar shigowa, ya sassauto da shi. Ya ja baya ya duba, ya ƙara sassautowa. Shi gajere ne, yana wucewa a miƙe. Dogo kuwa sai ya sunkuya.

Juma'a ina jin sallama, sai na ji ƙwal! Hula ta faɗi. Na leƙa ta kafar ƙofa. Suruki na tsaye yana kallon abin da ya ce kogi ya cinye, yana lilo a gaban hancinsa. Sai ya sunkuya ya wuce, ya durƙusa.

Yaya ya ce, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?"

"Ba... ba gajiya, Baba."

"Ina hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Madalla. A gai da mutanen gida."

Shi ke nan. Bai ce ko harafi a kan bututun ba, ranar ko bayanta. Kunya ta ɗaure bakin Yaya, ita kuma ta ɗaure ƙafar suruki, don in ya daina zuwa gaisuwa Fagge za ta tambayi dalili. Kowace Alhamis toka da lemon tsami, kowace Juma'a dogon nan sai ya rusuna wa bututu kafin ya rusuna wa mai shi. Wani lokaci Yaya ya ja gaisuwar, ya tambayi iyayensa, ya tambayi kakanninsa, ya tambayi awakin gidansu, gumi na ɗiga daga haɓar mutumin. In baƙo ya tambaya mene ne wannan aka rataye, sai ya ce, "Ajiyar wani ce." Mutane suka ɗauka wani ya sake ƙerawa, suka ce tsufa ya fara taɓa Makashin Mota.

Suruki ya turo abokinsa wai yana son sayen bututun. Yaya ya ce, "Ba nawa ba ne balle in sayar." Ya turo matarsa, ita ba ta san komai ba, ta ce min, "Gwaggo, ku sauke abin nan mana, kullum sai ya buge masa kai." Na ce, "Ki ce masa ya ƙara sunkuyawa."

A kan wannan muka yi faɗan da ba mu taɓa irinsa ba ni da Yaya. Aiki ya ja baya, har masu fitila suna cewa dalmar Makashin Mota ba ta da tabbas. Abin haushi, kanikawan Sabon Gari suka ɗauki dabarar, sai ga motoci suna wucewa ta ƙofar gidanmu kowacce da hancinta a sama, ana yabon wasu. Yaya yana zaune yana bin su da kallo, wani lokaci ya ce, "Wancan malafarsa ta yi ƙanƙanta." Rannan na kasa daurewa. Na shiga zaure na ce, "Yaya, ka sake ni daga alkawarin nan. Kai kana wasa da igiya, sunanka yana ruɓewa a titi!"

Ya ce, "In na faɗa, rana ɗaya zai ji kunya. In na yi shiru, kowace Juma'a."

"To sunan naka fa?"

"Da bakinsa ya ɗauka, da bakinsa zai dawo da shi. In ni na karɓo, rabin Fagge za su ce tsoho ne ya ƙera wani ya ƙulla wa yaro sharri."

Na ce, "In ka mutu bai faɗa ba fa?"

Ya ce, "Ke ina za ki?"

Na yi kwanaki ba na gaishe shi. Shi kuwa ya gyara min marfin butata ya ajiye a ƙofar ɗakina.

Ciwon ajalinsa a ƙirji ya kama shi, hayaƙin dalma na shekaru. Ranar da jiki ya yi tsanani, bayan azahar, liman ya shigo, 'yar fari tana riƙe da ƙafafunsa, suruki na durƙushe a bakin ƙofa daga waje. Liman ya ce, "Malam, a yafi juna. Duniya ba wurin zama ba ce."

Yaya ya ce, "Na yafe wa kowa. Wanda ya kira ni da sunan nan bisa rashin sani, na yafe. Alhaji ma na yafe." Ya huta. "Saura mutum ɗaya. Tasa yafiyar na ba ƙanwata ajiya. Ranar da ya faɗi abin da ya yi wa bututuna, a zaure, a gaban Alhaji, ta ba shi. In bai faɗa ba, ta riƙe, mu haɗu can."

Liman ya ce, "Subhanallahi, Malam, wane ne?"

Yaya ya juya fuska bango. Ko a nan bai kama sunan ba. Amma 'yar fari ta ɗago kai ta dubi ƙofa, ta ga yadda mijinta ya kifa goshi a ƙasa.

Bayan sadakar uku suruki ya same ni a madafa ni kaɗai. Ya rame, idanu sun faɗa. Ya ce, "Gwaggo, don girman Allah. Ana gama bakwai Alhaji zai tura ni gabas, kogi ya cika, ta mashigin nan zan bi. Ba zan iya shiga ruwan nan da alhakin Baba a kaina ba. Ga matata can kuma ta ce ba za ta koma ɗakinta ba. Na faɗa miki, ni na yanke. Ki ba ni."

Na ce, "Nan zaure ne?"

"Gwaggo, Alhaji zai kore ni. 'Ya'yan nan jikokinku ne."

"Da ka zaro wuƙa ba ka tuna da su ba? Ni ajiya aka ba ni, ba kyauta ba. Alhaki kuikuyo ne, ka je ka gani ko ya iya iyo."

Na ci gaba da tuƙa tuwona. Allah ya sani, yaran nan a bayana suka girma. Amma na tuna Yaya yana duban yatsunsa, sai na ƙara wuta.

Ranar bakwai da safe zaure ya cika har waje. Alhaji na zaune kusa da liman, bututu na lilo a kan mutane. Na tsaya a bayan ƙofar cikin gida, 'yar fari a gefena, Bazazzagiya kuwa ta ƙi shigowa, ta kafa kujerarta a bakin titi inda za ta ji. Aka shafa fatiha, aka fara raba waina, mutane na neman takalma. Na ce a raina, shi ke nan, Yaya, sai can ɗin. Sai na ji motsi. Suruki ya ja gwiwa zuwa gaban Alhaji.

Ya ce, "Alhaji, game da motar nan ta da... akwai ɗan kuskure da aka samu."

Mace ba ta jefa magana zaure, na sani. Na ce, "Ba a ji ba!"

Daga titi Bazazzagiya ta amsa, "Wa ya same shi, kuskuren? A ina ya tsince shi?"

Sai ya fashe. Ya ce, "Ni na yanke shi da wuƙata a tasha, don ana yi min dariya. Ba shi a jikin motar na shiga ruwa. Dalmar Baba ba ta narke ba. Ga shi nan, shi ne wannan, ba wani ba ne. Ƙarya na yi masa."

Masu neman takalma suka tsaya. Alhaji ya miƙe a hankali ya kama bututun ya juya shi, ya duba yankan robar ya daɗe. Ya ce, "Ni na tsaya a ƙofar nan na ce masa ya tsaya a fitila. Kuma kullum yana ganina a masallaci yana ba ni hannu." Ya zauna ya rufe fuska da babbar riga. Wani daga baya ya ce a kai shi gaban alƙali, wani ya ce a kore shi. Alhaji ya ɗago ya ce, "Wanda aka zalunta bai kai shi ba, ni ba zan kai shi ba. Ba na korarsa kuma. A kwance wannan a ɗaura wa motar da yake ja, yau. Ya shiga tashar Sabon Gari da shi da rana tsaka, duk wanda ya tambaye shi wa ya ƙera, ya faɗa, ya kuma faɗi abin da ya yi."

Liman ya juyo wajen ƙofa ya ce, "Baiwar Allah, amana fa."

Na ce, "Na ji. Ku shaida, Yaya ya yafe masa."

Da taro ya watse ya shigo tsakar gida ya durƙusa a gabana, fuska jage-jage. Ya ce, "Na gode, Gwaggo. Ke ma ki yafe min."

Na ce, "Na Yaya na ba ka, don ba nawa ba ne. Nawa daban. Ni na ga mutumin nan yana tsoron hannunsa, kai ba ka gani ba."

'Yar fari ta koma ɗakinta, ni na raka ta, don ba aurenta Yaya ya so kashewa ba. Bazazzagiya ta aiko min cewa da motar ta shiga tasha ba wanda ya ce lofe, sai ita, ta bi shi da ludayi tana cewa ya ɗaga murya na baya ba su ji ba.

Allah ya jiƙan Yaya, maƙerin fari na Fagge, wanda bai taɓa kashe motar kowa ba. Allah ya yalwata masa makwanci, ya haskaka shi fiye da duk fitilun da ya liƙa wa mutane, ya yafe masa riƙonsa, ni ma ya yafe min nawa ranar da na sauke. Ranar dai ba ta zo ba tukuna. Yanzu ni ce babba a gidan nan, gaisuwar Juma'a wurina ta dawo, kuma ni ba kunyarsa nake ji ba. In Allah ya fito da shi daga kogi lafiya zai zo ya durƙusa, ni kuwa tambayoyina suna da yawa.